Tayoyin Motar Auta

Motar da Auta take kai Mama wankin ƙoda da ita ƙafa huɗu gare ta kamar kowace mota, sai dai a cikin huɗun nan babu biyu da suka haɗa uwa ko uba. Tayar gaba ta dama faffaɗa ce, daga motar Yaya ta gangaro. Ta hagu siririya ce, ta gama yi wa matar Yaya aiki aka yi mata ritaya a nan. Na baya kuwa, ɗaya ta yi sanƙo har tana ƙyalli, ɗayar tana da faci uku da wani ƙulu a gefe kamar ƙurjin da ya nuna. Duk wanda ya ga motar a tsaye sai ya ɗan karkata kai, yana tunanin ko ƙasar wurin ce ba daidai ba.

Ba talauci ba ne ya kawo haka, dabara ce, kuma ta Yaya ce. Shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, komai a hannunsa yake, har da motar marigayin. A wani wuri ya ji an ce ana juya tayoyin mota lokaci-lokaci, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, don su ci daidai. Gaskiya ne, haka ake yi. Amma Yaya mutum ne da in ya tsinci ilimi sai ya ƙara masa gishiri. Ya ce tunda motoci uku ne a gidan, kuma gida ɗaya ne, to a riƙa juyawa tsakanin ukun. Duk bayan wata uku, ranar Asabar, sai ya tattara makullai a kai motocin wurin mai faci. Sababbin tayoyi su hau motarsa, nasa su sauka kan ta matarsa, abin da ya rage kuma, ko daga ina ya fito, ya faɗo kan motar marigayi. Juyin Yaya irin na ruwan kwata ne, bai taɓa hawa sama ba.

Auta ta haura arba'in, amma har yau Auta ce a bakin kowa. Tun da aurenta ya mutu ta dawo ɗakin da ke ƙuryar gidan da keken ɗinkinta, tun da ƙodar Mama ta daina aiki kuma ta zama direba. Litinin, Laraba da Juma'a, ƙarfe bakwai ta riga ta zaunar da Mama a kujerar gaba, da bargo da jakar magani. Ƙarfe takwas ake ɗaura Mama a na'ura, awa huɗu. Wanda ya makara, lokacinsa ya ci, domin akwai mai jiran gadon a bayansa.

Tafiyar minti arba'in ce, amma kullum sai ta ji kamar dambe ta yi. Sitiyari yana ja hagu, ita tana ja dama. In ta wuce hamsin sai motar ta ɗauki rawa, kwalaben maganin Mama su yi ta ƙara a cikin jaka. In ta taka birki sai bayan motar ya yi wutsil-wutsil kafin ya yarda ya tsaya. Kafaɗarta ta dama ta daina saki, ko zare za ta zura a allura sai ta cije leɓe.

Wata Litinin da ta tsaya ƙarin iska, mai facin ya kashe injinsa ya ce, “Hajiya, sauko ki gani da idonki.”

Dattijo ne, hannunsa ya yi baƙi da aiki. Ya tsuguna ya nuna mata rubutun da ke gefen kowace taya.

“Kin ga lambar wannan? Zo ki ga ta waccan. Wilin ne ɗaya, shi ya sa suke shiga, amma faɗi ba ɗaya ba, tsayi ba ɗaya ba, zane ba ɗaya ba. Kamar ki sa takalmi mai tsini a ƙafa ɗaya, silifa a ɗayar, ki ce za ki yi gudu. Ranar da aka yi ruwa kika taka birki, wannan za ta kama, waccan ta zame. Allah ya kiyaye kawai.”

“To ai kai kake ɗaura su, Malam.”

Ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. “Ni nake ɗaurawa. Sau biyu ina gaya wa Alhaji, ya ce faci aka kawo ni in yi ko wa'azi? Motoci uku yake kawo min, Hajiya. Ni ma da iyalina.”

Da yamma ta sami Yaya a tsakar gida yana zagaya motarsa, yana ɗan bugun tayoyin da ƙafa cikin jin daɗi. Ta gaishe shi, ta jira ya gama.

“Yaya, tayoyin motar Baba sun mutu. Mai faci ya ce haɗari ne.”

“Sun mutu? Ni da na hau babbar hanya a kansu shekara guda ban mutu ba, sai ke da kike zuwa nan da can? Ke fa tafiyar kunkuru kike yi, me za ki yi da sabuwar taya?”

“Lambarsu ba ɗaya ba ce.”

“Taya dai ba zagayayya ba ce? Ko akwai mai kusurwa huɗu a ciki?” Ya yi dariya, shi kaɗai. “Mai faci kasuwa yake nema. Tsohuwar taya mai kyau ta fi sabuwa ta banza, ki je ki tambayi masana.”

Matar Yaya tana jin su daga bakin ƙofar kicin. Ta ce, “Ni fa ba don kaina ba ne, Auta. Yara nake kaiwa makaranta, rai huɗu ne a motata.”

A motar Auta rai biyu ne, ga alama ba su kai a ƙirga ba. Ta kira ɗayan yayan nata, Yaya Ƙarami, da ke aiki a nesa. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce subhanallahi, ya ce ta yi haƙuri zai yi masa magana. Bai yi ba, kuma tun tana ajiye wayar ta san ba zai yi ba. Mama kuwa, da ta kai mata kuka, kallon ƙofa ta fara yi ko wani yana ji.

“Ki bar shi, yayanki ne. Shi yake riƙe da gidan nan.”

Ba a yi sati biyu ba tayar nan mai ƙulu ta saki iska a kan gada, ranar Laraba, ƙarfe bakwai da rabi. Auta ta buɗe but ta jawo safaya, sai ta same ta a lotse. Ashe ita ma juyin ya biyo ta kanta, an ɗauke mai kyan an ajiye gawa. Ta tsaya a bakin titi tana ɗaga hannu, motoci suna wucewa suna yi mata hon, Mama tana ciki tana kallon agogo. Kafin su sami tasin da ya yarda ya tsaya a gada, kafin a tallabo Mama a sa ta, tara da rabi ta gota.

Nas ɗin ta dubi agogon bango, ta dubi Auta. “Haba baiwar Allah! Uwarki ce fa. Awa biyu da rabi kawai za ta samu yau. Ku ’ya’yan yanzu sai barcin safe.”

Kwana biyu Mama a zaune take barci, in ta kwanta numfashi ya gagara. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga. Auta tana matsa mata su, yatsanta yana lumewa, ramin ya daɗe bai ciko ba. Yaya ya leƙo ya yi sannu, ya ce, “Da kin duba iska kafin ki fita, da duk haka bai faru ba.”

Daga ranar ta daina roƙo. Ta karɓi ɗinkin kayan makaranta, ta karɓi labule, ta karɓi har gyaran tsofaffin riguna da a da take mayarwa. A bencin asibiti ma, cikin awa huɗun nan, maɓalli take ɗaurawa. Sati shida tana haka, sannan ta je da kanta ta sayi tayoyi biyu sababbi fil, lamba ɗaya, zane ɗaya, irin wanda aka rubuta a jikin ƙofar motar. Mai faci ya ɗaura su a gaba yana murmushi kamar shi aka yi wa kyauta.

Wayyo daɗi! Ashe haka mota take tafiya. Sitiyari ya tsaya cak a hannunta, har takan saki hannu ɗaya ta gyara wa Mama bargo. Kwalabe suka yi shiru. A hanyar dawowa Mama ta yi barci har da minshari, abin da ba ta taɓa yi ba a motar nan. Auta ta kama kanta tana waƙa ƙasa-ƙasa. Kwana goma sha tara ta yi a wannan daɗi.

Ranar Asabar ɗin juyi, da Yaya ya zo karɓar makulli, ta riƙe shi a hannu ta ce, “Yaya, na gaba sababbi ne, ni na saya. Don Allah kar a taɓa su. Na baya kawai za a duba.”

“Na ji,” in ji shi.

Tana yi wa Mama wanka aka fita da motocin. Da azahar ta fito shanya, ta tsaya da bokiti a hannu. Ga tayoyinta can a gaban motar matar Yaya, ko ’yan gashin robar da ke jikin sabuwar taya ba su gama kakkaɓewa ba. A gaban tata motar kuma an dawo mata da wata faffaɗa da wata siririya.

Ba ta san lokacin da ta isa falonsa ba. “Yaya, tayoyina!”

Bai ɗago daga wayarsa ba. “Lambarsu ta fi dacewa da motar Antinki.”

Yau kuma Yaya ya san lamba. Auta ta ce, “Da gumina na saye su. Sati shida ban miƙe bayana ba.”

Sai a lokacin ya ajiye wayar. “A kan motar wa kika ɗaura? Motar gida ce, abin da ya hau kanta ya zama na gida. Ɗakin da kike kwana, da wutar da kekenki yake sha, wa ya taɓa ce miki na wane ne? Ni ban iya ƙananan maganganu ba. In kin gaji da kai Mama, ki faɗa. Ga makulli nan a kan tebur, sai ki bar shi.”

Ta dubi makullin da ya turo mata. Ta san abin da barinsa yake nufi. Tasi ba ya shiga lungunsu, sai an taka zuwa bakin titi, Mama kuwa in ta sauko daga na'ura ko taku goma ba ta iyawa, ga jiri ga amai. Gaba kura, baya siyaki. Ta ɗauki makullin ta fita, matar Yaya tana cewa a bayanta, “Ikon Allah, a kan roba ake wannan tashin hankali?”

Mama ta ji komai daga ɗakinta. Da Auta ta shigo da jajayen idanu, sai ta ce, “Haƙuri dai, Auta. Kar a ji kanku.”

Ranar Litinin mai faci ya kasa haɗa ido da ita. Ya ƙara iska, ya ƙi karɓar komai, ya ce da ƙaramar murya, “Na zaɓo miki masu dama-dama na sa a gaba. Kar ki wuce arba'in. In ana ruwa, ki nemi wuri ki tsaya.”

Ruwan ya zo ranar Juma'a, suna hanyar dawowa. Auta ta so ta tsaya. Amma Mama ta fito daga na'ura a galabaice, jikinta yana karkarwa, ta yi amai sau biyu a leda, tana cewa, “Kai ni gida, Auta, kai ni in kwanta.” Sai Auta ta ci gaba da tuƙi, a kan arba'in, hannu biyu a sitiyari, fuska kusa da gilashi. Mama tana kallon allurar gudun tare da ita, har ta ce, “Yawwa, haka.”

A kwanar da ke gaban masana'antar katako wata babbar mota ta ci birki a gabansu. Auta ta taka nata. Faffaɗar ta kama kwalta, siririyar ta zame, daidai yadda aka faɗa mata. Motar ta juya da su sau ɗaya, a hankali, kamar mai neman wurin zama, tayar baya ta daki bakin kwalbati ta fashe, suka gangara cikin lambatu.

Allah ya taƙaita. Goshin Mama ya daki gilashi, ɗinki biyar. Auta ta yi targaɗe a wuyan hannun hagu. Ma'aikatan katako ne suka fito da su, suka mayar da su asibitin da suka baro.

Kafin la'asar Yaya ya iso da matarsa, ya kira Yaya Ƙarami ya sa wayar a sifika don ya ji da kunnensa. A bakin gadon Mama ya tsaya, muryarsa har baranda.

“Gudu ta yi! Tun da ta ɗanɗana sababbin tayoyi ta koyi gudu. Ana ruwa, da tsohuwa marar lafiya a mota, wane mai hankali ne ba zai tsaya ba?”

“Ni dama tuƙinta yana ba ni tsoro,” in ji matarsa.

“Subhanallahi,” in ji wayar.

An bar jaki ana dukan taiki. Auta tana tsaye, hannunta a naɗe da bandeji, rigarta ba ta gama bushewa ba. Ta juya wurin mutum ɗayan da ya ga komai.

“Mama, ki faɗa musu. A kan nawa nake tafiya?”

Mama ta dubi Yaya. Ta dubi silin. Ta ja bargo zuwa ƙirjinta.

“Idona a rufe yake,” ta ce.

Wannan ya fi targaɗen ciwo. Auta ba ta ji haushinta ba ma, tausayi ta ji, domin ta gane tsohuwar nan ita ma a ɗakin wani take kwana. Yaya ya miƙo hannu. “Kawo makullin. Daga yau ba ki ƙara tuƙa min uwa.”

Ta ba shi. Abin kunya, wani sanyi ta ji ya sauka a kafaɗarta. Ta ce a ranta, to shi ke nan, bari mai sababbin tayoyi ya kai.

Ya kai kuwa, ranar Litinin, sau ɗaya. Ya sauke Mama, ya zauna a benci minti ashirin, ya ce warin asibiti yana hawa masa kai, ya wuce ofis. An sauke Mama daga na'ura ƙarfe sha biyu, bai dawo ba sai uku. Awa uku tana zaune a baranda ita kaɗai, da filasta a goshi. A hanyar gida ta yi amai a kujerar motarsa, ya shigo yana kiran a kawo ruwa da sabulu tun kafin a fito da ita.

Ranar Talata aka yi ta jefa maganar kamar garwashi. Yaya yana da taro duk Laraba. Matarsa tana da yara, kuma ita ba ta iya ganin jini. Yaya Ƙarami ya ce da yana kusa, wallahi da shi zai riƙa kaiwa. Aka yi zancen ɗaukar direba, Yaya ya ce shi ba zai damƙa uwarsa a hannun bare ba alhali tana da ’ya’ya. Duk wannan a falo aka yi shi, ba wanda ya kira Auta.

Haka irin wannan zalunci yake, ba ya ihu, ba ya barin tabo a inda za a gani. Kowa a gidan yana da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka ɗauke ta ita kaɗai sai ka ce ai da gaskiyarsa. Wanda yake ƙasa shi ake sauke wa abin da kowa ya gama da shi, ranar da abin ya karye a hannunsa kuma a ce shi ya karya.

Ranar Laraba da safe ta sami makullin a kan keken ɗinkinta. Ta fito tsakar gida da shi. An jawo motar daga lambatu, an buga gefen da ya lotsa, an ɗaure bamba da waya. A madadin tayar da ta fashe an sa wata da ba ta taɓa gani ba, Allah kaɗai ya san daga wane juji. Yaya yana tsaye da jakar ofis, yana ƙamshin turare.

“Na yi tunani,” ya ce. “Kowa yana kuskure. Na yafe miki. Sai ki kiyaye gaba.”

Ya shiga motarsa ya fita. Matarsa ta bi bayansa da yara, tayoyin Auta suna juyawa lafiya lau a ƙarƙashinta.

Auta ta tsuguna ta shafa baƙuwar tayar. Sulɓi kamar tafin hannu, a gefe guda kuma wayoyin ciki sun leƙo, ɗaya ta soke ta a yatsa. Ta ɗaga kai, gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa kayan shanya. Ta dubi agogo, bakwai da minti goma.

Mama ta riga ta shiga motar. Ba wanda ya taimaka mata, da bin bango ta zo. Tana zaune a kujerar gaba, bargo a kafaɗa, jakar magani a cinya, ƙafafunta sun fara cika, tana jan numfashi da baki. Idan ba a kai ta yau ba, Auta ta san yadda gobe za ta kasance.

Ta tsotse jinin yatsanta, ta buɗe ƙofa da hannun da ke da lafiya, ta zauna. Mama ba ta kalle ta ba. Gaba take kallo, ta cikin gilashin da goshinta ya tsaga.

“Auta,” ta ce, “wannan karon ki tafi a hankali.”

“To, Mama,” in ji Auta, ta murɗa makulli.